Injin surukina kore ne, kayan da na saya ja: zan iya haɗa su?

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Wisconsin ta Amurka, na auri 'yar garin, muna da yara ƙanana biyu. Surukina tsohon mafarauci ne, shi ya fara fita da ni farautar barewa, kuma da lasisina nake yi. Bana da ganinsa ya yi rauni sai ya kwaso mini kayan da yake ɗura harsasansa da su: injin matsi na RCBS, da sikeli, da kwali cike da tarkace. Bindigarsa mai cin harsashin .270 ce, tawa .30-06, saboda haka dayis ɗinsa, wato ƙarafan da ake ɗaurawa a inji su gyara kwanson harsashi, ba su yi mini ba. Na sayi na kamfanin Lee don sun fi araha. Da ya gani sai ya ɗaure fuska, ya ce shi bai taɓa ɗaura jan kayan Lee a kan koren injin RCBS ba. Wani abokina a filin koyon harbi kuma ya ce haɗa kamfani biyu yana fasa bindiga. Maganar ta kai kunnen matata, ta ce ko in sayi komai na kamfani ɗaya ko in fitar mata da kayan daga gida. Ni kuwa kuɗin babu. A cikin kwalin akwai gwangwanin albarushi IMR 4350 da aka ci rabinsa, da wani a kwalba babu suna, ga kuma kwansunan da na tsinto a filin harbi. Littafina H4350 ya rubuta, ina ganin ai duk ɗaya ne, da su nake so in fara kafin farautar Nuwamba. Ina mafita?

Daga mai farauta, Wisconsin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana nuna maka yaƙi kana kallon ƙura. Abin da ya hana gidanka barci, wato jan dayis a kan koren inji, shi ne mafi sauƙi a duk wasiƙarka. Abin da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, albarushin nan da kwansunan tsintuwa, shi ne zai iya raba mutum da yatsunsa ko idonsa. Zan fara da mai sauƙin don hankalinka ya kwanta, amma kada ka taɓa gwangwanin nan sai ka kai ƙarshen amsata.

Dayis ɗin Lee za su hau injin RCBS lafiya lau, kuma ba sa'a ba ce. Kusan duk masu ƙera waɗannan kaya a Amurka zare ɗaya, wato tsagin murzawa irin na noti, suke yanka wa dayis da bakin inji: kaurinsa bakwai bisa takwas na inci, zare 14 a kowane inci. RCBS da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta Kalifoniya a 1943, da Hornady na Grand Island a Nebraska, da Redding na Cortland a jihar New York, da Lyman, da Lee da ke nan Hartford a jiharku, duk a kan wannan awon suke. Bakanike ba ya tambayar wane kamfani ya ƙera sifana, lambarta yake dubawa ya ga ko ta kama notin. Ka leƙa teburin duk wanda ya daɗe a wannan harka, da wuya ka ga launi ɗaya: inji kore, dayis daga jan kwali, sikeli ruwan lemo, wani abin kuma shuɗi. Shi inji aikinsa ya tura kwanso sama ya sauko da shi a miƙe. Dayis ne ke mayar da kwanson siffarsa, shi ma ba da ra'ayin kamfani yake yi ba, da awon da hukumar SAAMI ta tsayar wa kowane nau'in harsashi yake yi. An kafa hukumar tun 1926 don harsashin wannan kamfani ya shiga bindigar wancan ba tare da fargaba ba.

Akwai 'yan kayan da suka fita daga wannan tsari, amma ba su shafe ka ba. Injin Dillon da ake kira Square Deal B nasa dayis yake ci shi kaɗai, kuma na harsasan ƙananan bindigogi ne. Tsohon ƙarfen hannu na Lyman 310 zarensa ƙarami ne. Manyan harsasai irin .50 BMG dayis ɗinsu sun fi kauri. Sai kuma bushin ɗin saurin cirewa, wato zoben da ake sa wa dayis don a cire shi daga inji da sauri, Lock-N-Load na Hornady da Breech Lock na Lee, waɗanda ba sa shiga gurbin juna, ko da yake kowannensu yana karɓar dayis na kowane kamfani.

To, abokinka fa, ƙarya ya yi? Ya ji ƙishin-ƙishin ne bai tsaya ya ji ƙarshen zancen ba. Akwai wuri ɗaya da haɗa kamfani biyu yake bukatar lura, shi ne ɗan ƙarfen nan da ke riƙe gindin kwanso a kan sandar inji. Yanzu haka guda biyu gare ka. Na surukinka lamba 3 ne na RCBS, domin .270 da .30-06 gindinsu ɗaya. Wanda ya zo cikin kwalin Lee kuma lamba 2 ne. Da Hornady ko Redding ka saya, lamba 1 za ka gani, alhali duk kwanso ɗaya suke riƙewa. Lambar ba ta ƙetare kamfani, saboda haka kada ka taɓa sayen mariƙi da lamba kawai, ka duba jadawalin kamfanin da ya yi shi.

Ga inda maganar take da nauyi. Idan ka ja hannun inji, kwanso yana shiga dayis har sai mariƙin ya taɓa bakin dayis ɗin ya tsaya. Zurfin mazaunin mariƙi, bisa ƙa'ida, inci 0.125 ne a kowane kamfani, amma ƙarfe ba ya fitowa daga injin yanka daidai wa daida, wani ya ɗan ɗara, wani ya ɗan gaza. Idan aka yi rashin dace mariƙi ya gaza, dayis ma ya gaza, sai kwanso ya shige fiye da kima, kafaɗarsa, wato inda jikin kwanso ya fara tsukewa zuwa wuya, ta koma baya da yawa. Irin wannan harsashi yana zama sako-sako a mazauninsa cikin bindiga. Duk lokacin da aka harba shi, tagullar tana miƙewa don cike gurbin, kuma daga wuri ɗaya take miƙewa, ɗan sama da gindi. Ka ɗura shi sau uku ko huɗu a haka, wata rana gindin ya tsinke, iska mai zafi ta yo baya wajen fuskarka, sauran kwanson ya maƙale a ciki. Idan kuma kuskuren ya karkata ɗaya ɓangaren, kafaɗar ba ta koma yadda ya kamata ba, sai sakatar bindiga ta ƙi rufuwa, kana tsaye a daji cikin sanyin Nuwamba barewa na kallonka.

Amma ka lura, wannan yana faruwa ko da dayis da mariƙi daga kwali ɗaya suka fito. Maganinsa awo ne. Ka ɗauki kwanson da bindigarka ta harba da kanta, ka auna daga gindi zuwa kafaɗa da ɗan ma'aunin da ake ɗaura wa kalifa, wato ƙarfen auna tsawo da kauri, Hornady na yin sa, ko ka sayi gejin kwanso na L.E. Wilson. Sai ka riƙa murza dayis ƙasa kaɗan-kaɗan, kana matsawa kana aunawa, har kafaɗar ta koma baya da kamar inci 0.002. Wannan ya ishi bindiga mai sakata irin ta farauta. Ka sa kwanson wofi a bindiga ka rufe, in ta rufu ba tare da kokawa ba, ka ɗaure zoben dayis a nan. Daga ranar, wannan dayis da wannan mariƙin sun zama abokan tafiya, ka riƙa ajiye su a kwali ɗaya. Ni da ni ne, na Lee zan sa tunda tare suka zo, in mayar da na surukin cikin kwalin .270 inda ya fito. Duk ranar da ka sauya mariƙi, awo ya koma farko.

Wani ɗan abu da tsofaffin hannu ke yi: su miƙar da wayar maƙale takarda, su lanƙwasa bakinta kaɗan, su zura cikin kwanso suna karto bangon kusa da gindi. In wayar ta faɗa wani ɗan kwari a ciki, ko ka ga siririn zobe mai ƙyalli ya zagaye kwanson ta waje, wannan ya gama aiki. Ka matse bakinsa da filaya ka jefa cikin tarkacen tagulla.

Sauran bambance-bambancen na ɓacin rai ne kawai, babu haɗari a ciki. Zoben ɗaure dayis na Lee da roba yake kamawa, ba shi da kusar da ke kulle shi, yakan motsa in kana yawan cirewa da mayarwa. Ka sayi zoben Hornady ko na Forster ka sa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ka ga nan haɗa kamfanin gyara ma ya yi. Allurar da ke fitar da tsohuwar firaima, wato ɗan ƙyastun gindin kwanso da ke kunna albarushi, ba ta shiga dayis ɗin wani kamfani, saboda haka ka ajiye ta Lee guda ɗaya ko biyu a aljihun tebur. Ƙarfen hannu na Lee da ake sa firaima da shi yana da nasa mariƙin daban, na inji ba ya hawa. Kada kuma ka manta da shafa wa kwanso mai kafin ka matsa shi, in ba haka ba zai maƙale a dayis ko na wane kamfani ne, in kuma ka cika man ya lotsa kafaɗa.

Yanzu mu zo ga yaƙin. H4350 da IMR 4350 ba abu ɗaya ba ne. Akwai ma na uku, Accurate 4350. Lambar ce ta zo ɗaya, saurin cin wutarsu da nauyin da ake zubawa sun bambanta, shi ya sa kowane littafi yake ba kowannensu layinsa. Haka H4895 da IMR 4895, haka H4831 da IMR 4831. Kada ma ya ruɗe ka cewa kamfanin Hodgdon, mai H4350, shi ne ya sayi IMR tun 2003, mai gida ɗaya ne amma kayan daban. Harsashin .30-06 yana aiki ne da matsin da SAAMI ta ƙayyade iyakarsa a fam 60,000 kan kowane murabba'in inci, kuma wannan wutar tana tashi ne tazarar ɗani ɗaya da idonka. Wanda ya ɗauki awon wani albarushi ya zuba wani, ya fita daga abin da aka gwada ya shiga canki-canka. Idan IMR 4350 za ka yi aiki da shi, ka nemi layin da aka rubuta IMR 4350 harafi da harafi, da nauyin kan harsashin da ke hannunka. Hodgdon yana da wannan bayani kyauta a shafinsa na intanet, littafin Lyman ma yana da shi. Ka duba wuri biyu, ka fara daga awon farawa da suka rubuta, wanda galibi yake ƙasa da na ƙarshe da kusan kashi 10 cikin 100, ka riƙa hawa a hankali. Awon da wani ya faɗa maka da baki a filin harbi, ko wanda ka gani a Facebook, ka bar masa abinsa.

Shi kansa gwangwanin da aka ci rabinsa, sai surukinka ya tabbatar maka cewa abin da ke ciki shi ne abin da ke rubuce a jiki, kuma bai taɓa juye ragowar wani a ciki ba. In ya ce "ina jin" ko "kamar dai", ka haƙura da shi. Ka buɗe ka sansana daga nesa: albarushi mai lafiya ɗan ƙamshin sinadari yake yi, wanda ya lalace kuwa wari mai yaji yake yi da ke hawa hanci, wani lokaci da jan ƙura kamar tsatsa. Na kwalbar nan marar suna babu wata shawara a kansa. Ba a gane albarushi da ido, kuma in na ƙaramar bindiga ne mai saurin ci ka cika kwanson .30-06 da shi, bindigar za ta tarwatse a harbin farko. Ka kira ofishin 'yan kwana-kwana ko masu karɓar shara mai haɗari na gundumarku su gaya maka inda za ka kai shi. Sabon gwangwani mai nauyin fam ɗaya bai kai kuɗin ɗinkin yatsa ɗaya a asibitin Amurka ba.

Kwansunan tsintuwa su ma haɗa kamfani ne, irin wanda abokinka ya kamata ya tsorata da shi. Ta waje duk girmansu ɗaya, amma kaurin bango ya bambanta, wanda ya fi kauri cikinsa ya fi ƙunci, albarushi ɗaya zai ba da matsi mafi yawa a cikinsa. Na soja sukan fi kauri, kuma an danne bakin ramin firaimarsu. Wasu na ƙasashen waje ramuka biyu gare su a gindi, tsarin Berdan, su ne ke karya allura. Ba ka kuma san sau nawa aka ɗura wanda ka tsinta ba, mai yiwuwa mai shi ya yar ne don ya gaji. Ka zube su a faranti ƙarƙashin fitila, ka karanta gindin kowanne ɗaya bayan ɗaya. Ina da yaƙinin za ka tsinci 'yan .270 na surukinka a cikin kwalin, don a ido kamar tagwaye suke da naka, alhali na .270 yana kai inci 2.540, naka kuwa iyakarsa 2.494, in ya wuce a datse shi zuwa 2.484. Kwanson da ya yi tsawo bakinsa yana cushewa a maƙogwaron bindiga ya riƙe kan harsashi, matsi ya yi sama. Shawarata ga mai farawa ita ce ka yi aiki da kwansunan harsasan kanti da kai ka harba a bindigarka, na kamfani ɗaya, ka bar tsintuwa sai hannunka ya faɗa.

Haka zancen yake ga firaima da kan harsashi. Firaimar magnum ta fi ta yau da kullum zafi. Kai biyu masu nauyin giren 165 (giren shi ne ma'aunin nauyin albarushi da kan harsashi) daga kamfani biyu ba lalle su ba da matsi ɗaya ba, musamman na jan ƙarfe zalla irin na Barnes, wanda ya fi mai dalma tsawo a nauyi ɗaya. Duk abin da ka sauya a cikin huɗun nan, kwanso ko firaima ko albarushi ko kai, ka koma awon farawa. Sikelin suruki kuma ka gwada shi da duwatsun awo kafin ka yarda da shi. In na lantarki ka saya daga baya, ka tabbata a kan giren yake, domin giram ɗaya ya haura giren 15. Ɗan ludayin roba da Lee ke sakawa a kwali, ka ɗiba da shi in kana so, amma ka ɗora a sikeli. Gwangwani ɗaya tak a kan tebur a lokaci ɗaya, waya a kashe, tabarau a ido.

Game da surukinka, ban ga alamar fushin nan na launin fenti ba ne. Mutum ya yi shekaru yana zaune gaban wannan inji, ido ya hana shi, ya miƙa maka, sai ya ga ka je kanti ka yanke shawara ba ka tambaye shi ba. Mu mun taso da kunyar suruki, muna ganin yawan tambaya rashin ta-ido ne. A can kuwa dattijo yakan ɗauki shirun a matsayin ba a bukatarsa. Kada ka je masa da hujjar zare 14, ko ka yi nasara ka yi asara. Ka ce masa kana so ya zauna kusa da kai ranar da za ka saita dayis, kai ka karanta ma'auni, shi ya ji rufuwar sakata da hannunsa, don wannan ba ya bukatar ido. Ka tambaye shi ko yana da littafin da yake rubuta awonsa, yawancinsu suna da shi. Awon .270 ba zai yi maka aiki ba, amma za ka ga yadda ake rubuta kwanan wata da lambar gwangwani da sau nawa aka ɗura kwanso, kai ma ka buɗe naka. A zaman nan ne kuma za ka yi masa tambayar gwangwanin ba tare da ya ji ana tuhumarsa ba.

Ita kuwa maiɗakinka tana da gaskiya ta ji tsoro, dalilin ne aka ba ta ba daidai ba. Sayen komai kore ba zai ƙara wa yaranku aminci ko kaɗan ba. Abin da zai ƙara shi ne ɗaki mai kulle da yara ba sa shiga, albarushi a gwangwaninsa na asali nesa da zafi da wuta, firaima a kwalinta a wani wurin daban. Ƙa'idar kashe gobara ta NFPA 495 ta yarda da ajiye albarushi har nauyin fam 20 a gida a mazubinsa na asali, kai ko biyu ba ka bukata, amma ka tambayi dokar garinku da kamfanin inshorar gidanku. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne dalma: tana cikin firaima, tana cikin ƙurar da ke tashi in ana wanke kwansuna, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Ba ci ba sha a teburin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro, ka goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma. Ka kai ta ɗakin ta ga kullen da idonta, ka nuna mata kwalbar da za ka fitar. In bayan haka ta ce har yanzu ba ta yarda ba, ka mayar da teburin garejin mahaifinta ku riƙa yi tare a can, wataƙila ma hakan ya fi yi wa kowa daɗi.

Kada Nuwamba ta sa ka gaggawa. Farautar bindiga a jiharku kwana tara ce, kuma kwalin harsashin kanti guda ɗaya ya ishe ka bana, ga shi zai bar maka kwansuna 20 masu kyau da za ka fara koyo da su a lokacin sanyi. Ka sani kuma yawancin masu ƙera bindiga suna janye garantinsu in aka harba ɗurin gida, sayar da shi kuma sai da lasisin gwamnatin tarayya, saboda haka abin da ka ɗura naka ne kai kaɗai.

Duk wannan bayani na mazaunin inda doka ta yarda ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi ko riƙe shi ba da izini ba, kuma albarushin zamani da muke magana a kai ba ya shiga bindigar toka ta mafarautanmu ko kaɗan, fasa ta yake yi. Kai ma in za ka zo gida hutu, kada ka ɗauko jakar da kake zuwa filin harbi da ita. In kuwa dole ita ce, ka zazzage ta, ka laluba kowane aljihu da kowace kusurwar ɗinki, domin ko kwanson wofi ɗaya aka gani a filin jirgi zai iya sa a tsare ka a yi ta tambayoyi.